Mabuɗin Rumbu

Ni ne Nomau, mai riƙon mabuɗin rumbun ikkilisiya
a Unguwar Ciwake, can bayan Gani, ƙasar Sumaila.
Shekara goma sha tara yana rataye a wuyana,
igiyar rama har ta yi mini kanta.

Duk kaka a kawo zakka,
dawa dami-dami, gero, maiwa,
wake a ƙwarya daga hannun gwauraye.
Duk marka a leƙa rumbu, sai a ga gindi.
Gunaguni ya tashi kamar zuma a amya,
a raira waƙa da baki, ido yana kaina.

Faston farko ya yi wa'azi a kan ɓarawo
Lahadi huɗu a jere, har muryarsa ta dushe.
Na biyu ya sayo kwaɗo daga Kano, mai nauyin dutsen niƙa.
Na uku ya sa azumi.
Muka yi azumin, mu da dama ba mu da na tuwo.
Duk aka ɗauke su, rumbu na nan da halinsa,
kamar bangon da ake wa yaɓe
gara na ci daga tushe.

Sai aka aiko mana Malam Dogara,
ɗan siriri, kekensa babu birki.
Bai hau bagade da zancen ba.
Wata Talata ya zo da tsintsiya, ya ce,
"Baba, buɗe mu share."
Muna cikin ƙaiƙayi ya tambaye ni,
ba wa ya ɗauka ba:
"Wa ke jin yunwa a garin nan?"

Na zauna a bakin rumbu, na yi kuka irin na tsoho,
wanda ba ya da sauti.

Na faɗa masa masu zuwa da dare.
Hankurau, da yara bakwai da gonar da ruwa ya ci.
Rifkatu, da mijinta ya tafi cirani bai waiwayo ba.
Har dattijon da ya fi kowa ɗaga murya a taro,
shi ma ya taɓa ƙwanƙwasa ƙyaurena, buhu a hammata.
Na auna musu, na rufa musu asiri,
na yafa sunan ɓarawo kamar bargo.

Ya ce, "Ka yi alheri a duhu,
duhun kuwa ya haifa mana zargi.
Hatsin na masu yunwa ne tun asali,
kunyar ce za mu fitar daga rumbu."

Ba a yini ɗaya aka yi ba.
An yi taro uku a gindin ɗorawa, an tashi baram-baram a biyu.
Gidan Jatau suka ce an mai da su wawaye,
suka koma sujada Gani, har yau ba su dawo ba,
bencinsu yana nan, yara ke zama.

Amma yanzu kwaɗo uku ne a ƙofar.
Ɗaya gare ni, ɗaya gun matasa,
ɗaya a bakin zanen Saraya ta zumuntar mata,
wadda ba a yi mata ƙwange a awo.
Akwai littafi mai bango shuɗi.
Mai bukata ya zo da rana tsaka,
ya ɗauki tiya goma, ya mayar da kaka.
Wanda ya kasa, a yi masa gayya a gona.
Dattijon nan shi ya fara sa hannu,
babban yatsansa na rawa a kan tawada.

An ɗauke Malam Dogara bara waccan, zuwa wajen Gwaram.
Na ce to, yau za a gani.
Marka ta zo, ta wuce.
Jiya na leƙa rumbu, da sauran dawa har gwiwata.

Wuyana ya yi sauƙi.
Kantar dai tana nan,
ina shafa ta in ana addu'a.