Kwanon da ke Haye Katanga

A Wusasa katangarmu gajera ce.
Kakata Rifkatu tana wannan gefe,
ƙanwarta Goggo Dudu tana wancan,
nono ɗaya, alƙibla biyu.

Akwai wani kwanon samira, bakinsa ya ɓantare.
Ran Kirsimeti ya haye da shinkafa,
ran layya ya dawo da hanta.
An manta ma ko na waye.

Sai Sabi'u ya cika waya da wa'azi,
ya ce shinkafar nan haramun ce.
Sai Keziya ta dawo kwanan addu'a daga Sabon Gari,
ta ce naman nan bai dace da mai bi ba.
Ko a ƙyama, jini bai ɓuya ba.

Bara aka ƙara bulo uku.
Kakata ta dubi magini, ba ta ce uffan ba.

Jiya da rana na gan ta kan turmi,
ƙafa na rawa, kwano a sama:
"Dudu! Miƙo hannu,
kafin malamanmu su tashi barci."

Yatsu masu lalle suka leƙo.
Saura taƙi ɗaya.

Na mirgina ɗayan turmin, na zagaya.