Saƙon Barmo

Salamu alaikum, mutanen Mokoyo,
nan ne gidan su Barmo, kusa da mai faci?
Inna, ba ta'aziyya na kawo ba.
Ajiye ludayin ki zauna. Yana da rai.

Ƙasar da aka kai mu tsaron sulhu,
wa da ƙane ke farautar juna.
Ba ma jin harshensu,
harsashi kuwa ba ya tambayar harshe.
Wata Laraba, muna rakiyar motar shinkafa,
ya sauka ya kawar da wani yaro daga bakin gada,
sai ƙasa ta tashi da shi.
Yaron ko ƙujewa bai yi ba.

Ni na goya shi. Da nauyi, Inna,
kin ciyar da shi.
Yana ta zagina a kunne, wai tafiyata ta jakin Tibiri ce.

Ƙafar hagu ta tsaya can.
Sauransa na Yamai, gado na tara, jikin taga.

Ya ce kada a sayar da gonar bakin gulbi.
A aika masa ƙuli-ƙuli da yajin Zuwera.
Ga takalmansa, duka biyun.
Ya ce a adana,
Ila ya kusa kai wannan lamba.