Takardar Naɗe Kwano

Na je sayen kwano a kasuwar bakin gada,
nawa ya fashe shekaranjiya, hannu ya soma rawa.
Yaron shago ya zaro takarda daga tarin da ke gefensa,
ya naɗe min tangaran, ya karɓi kuɗinsa,
bai ko ɗaga ido ba. Me zai duba a jikin tsohuwa?

Da na dawo gida na kunna fitila,
na warware ƙunshin a bisa tabarma.
Sai ga wuya, dogo, fari kamar dafaffiyar shinkafa,
sai ga matsefi tsakiyar gashi,
sai ga riga mai shuni da zalɓe uku a gefenta.
Na san rigar nan. Ta aro ce.

Omine, in ji rubutun da ke kusurwa,
ta gidan shayin bakin kogin Sumida.
Shekarata sha tara a lokacin.
Mai zane Seijiro ya zo kwana uku a jere,
ya ce, karkata kai, riƙe madubi, kada ki motsa.
Na zauna kan dugadugaina har ƙafa ta mutu,
buta na tafasa a baya, uwar gida na harara.

Daga hannunsa aka kai ni wurin Kumazo,
mai sassaƙa, mai ido ɗaya da rabi,
ya kifa fuskata kan allon itacen sakura,
ya bi ta da wuƙa, sili bayan sili,
wai gashina kaɗai ya ci masa kwana huɗu.
Allo takwas, kowane launi da nasa:
ja na leɓe, shuni na riga, baƙi na gira.
Mai bugu ya murza, ya ɗaga, ya murza,
har na zama mutum ɗari biyu kafin la'asar.
Kuɗin kwanon taliya ake sayena.

Maza suka cika gidan shayi,
uwar gida ta ƙara kuɗin kofi.
Su dubi takarda, su dube ni, su sake duban takarda,
wani ɗan kasuwar gishiri ya ce ta fi ni kyau.
Gaskiyarsa. Ita ba ta taɓa ɗaukar buta ba.
Ina tabon ƙuna a wuyan hannun dama?
Ina kaushin yatsu daga wanki cikin ƙanƙara?
Ina bashin mahaifina da ya kai ni gidan?
Seijiro ya ja hannun riga ya rufe duka.
An ce kayan aro ba ya rufe katara,
nawa dai ya rufe, shekara arba'in da shida.

Amma da na matso da fitila kusa,
bayan kunnen hagu, inda mai zane bai sa komai ba,
ga sili guda ya ƙi kwanciya.
Kumazo ne. Kullum a kusurwa yake zama,
ya sha kofi ɗaya, ya biya, bai ce uffan ba.
Na kai hannu bayan kunnena.
Yana nan. Ya yi fari, har yau bai kwanta ba.

Ban yi kuka ba, mai ya yi tsada,
ba na ƙona fitila a kan bara.
Akwai huda a takardar ƙofata
inda iska ke shigowa ta sami ƙashina.
Na dama ƙullun shinkafa, na shafa, na manna ta.

Yanzu da safe rana kan biyo ta fuskar yarinyar,
ta sauka ja da shuɗi a kan tabarma,
ni kuwa ina shan shayi a sabon kwano,
ba mai cewa kada in motsa.