Kati Uku, Ƙofa Ɗaya

Baba Shekari ya kawo ta daga Kakuri a keke napep,
rungume a cinya, naɗe cikin zanen gado.
Ya ce, "Hotunan shekara talatin ne a cikinta:
ma'aikatan masaƙa ranar albashi,
'yan kwaya, 'yan fareti,
jariran da yanzu su ma suke goyo.
Jiya na ƙara mata kati na uku, sai ta ɗauke wuta."

Na kwance murfi.
Ga su nan a jere, kowa a gurbinsa,
kowanne da faifai huɗu a bayansa
kamar kwandasta da fasinjansa a tashar Kawo.
Na danna. Fanka ta juya.
Na farko ya faɗi sunansa a allo, ya ƙirga nasa.
Na biyu ya faɗi, ya ƙirga.
Na uku ya buɗe baki,
sai ɗan farin layi a kusurwa
yana ƙifta mini ido har shayina ya huce.

Ɗaya bayan ɗaya, haka aka koya mini.
Na zare biyu na bar ɗaya: lafiya lau.
Na sauya: lafiya lau.
Sabon shi kaɗai, garau, kamar ba shi ba.
Bibbiyu ma suna gaisawa.
Sai sun cika uku magana ke mutuwa.

Na zargi waya, na canza waya.
Na zargi gurbi, na mai da na sama ƙasa.
Na zargi akwatin wuta, na aro na Okechukwu a shagon gaba,
ya miƙo mini yana nanata kuɗinsa.
Na zargi Nepa,
don ita ko ba ta yi ba, ta saba.
La'asar ta wuce. Ruwan Agusta ya rufe Titin Legas,
masu caja da batir suna ja da tebura ciki.

Baba bai tafi ba.
Yana kan benci, hula a gwiwa,
bai tambaye ni ko sun ɓace ba.
Da ya tambaya, da ya fi mini sauƙi.

Nusaiba, wata uku da fara koyo,
wadda aikinta riƙe tocila
da tara ƙananan kusoshi a murfin kwalba,
ta ce, "Oga, wai duk ukun ne ke son tada injin?
Ai faifan da ke tashinta guda ne, yana kan na farko."

Na yi shirun wanda aka riga.

Filin da injin ke ba su lokacin farkawa
bai kai tafin hannu ba.
Kowane kati ya zo da tabarmarsa zai shimfiɗa,
na uku ya iso, ba inda zai aje ƙafa.
Ba wanda ya lalace.
Cunkoso ne kawai a bakin ƙofa.

Na shiga saitin na biyu:
riƙe kayanka, amma tashin gida ba naka ba ne.
Na faɗa wa na uku haka.
Na danna.

Sha biyu suka fito, ba wanda ya yi saura.

Baba ya matso da tabarau, hannunsa na rawa kan linzami.
Ya wuce bukukuwa, ya wuce fasfo ɗari-ɗari,
ya tsaya kan wata mata a ƙofar masaƙa,
kwanon abinci a ka, tana harar kyamara.
Bai ce ko wace ce ba.
Ya dai goge allon da bakin rigarsa.

Faifai na tara yana ƙas-ƙas a hankali.
Na ji, Nusaiba ma ta ji, mun haɗa ido.
Wannan maganar gobe ce.

Na miƙa mata sukundireba, na karɓi tocila.
Na ce, "Rufe."