Takarda ta Huɗu

Sau uku na rubuta, sau uku ta dawo.
Ta farko kumandan ya ɗora mata kofin shayi,
har yau zoben yana nan a kan sunana.
Ta biyu ta ɓace tsakanin Maraɗi da Yamai.
Ta uku aka ce shekaruna sun kusa tsallake layi,
wata bakwai ya rage in zama tsoho
a idon mutanen da ba su taɓa ganina ba.
Ta huɗu ce ta iso jiya da hatimi biyu,
tawadar ko bushewa ba ta gama ba.

Ajidan Nomau ya karanta ta a tsaye
a ƙofar ɗakin makamai.
Ya ninke ta yadda ake ninke takardar bashi.
Ya ce: Liyetna, shekara shida muna taka ƙaya guda,
yanzu za ka tahi ka dube mu daga bisa
kamar shirwa na ƙirga 'yan tsaki?

Ban amsa ba, don yana wurin
ranar da muka yini a kurmin Baban Rafi,
kan Kofur Tsahiru a bisa cinyata,
hulata cushe a ramin da harsashi ya bari.
Rediyo na cewa ku jira, jirgi na tafe.
Ku jira, ana neman matuƙi.
Ku jira.
Wajen la'asar Tsahiru ya buɗe ido,
ya ce ƙarar da nake ji, shi ne?
Ƙudan zuma ne a kogon kirya.
Na ce masa shi ne.

Likitan ido ya rufe mini na hagu da wani baƙin cokali,
ya ce karanta layin ƙasa. Na karanta.
Ya buɗe littafi mai ɗigo-ɗigo, ja cikin kore:
wace lamba kake gani?
Gwiwata na rawa ƙarƙashin tebur,
ni da ba ta yi mini rawa ba a bakin iyaka.
Suka juya ni a kujera kamar dutsen niƙa,
suka ce tashi ka bi layin alli.
Na bi. Sai a bayan gini na zubar da kokon safe.

Yanzu zan koma ɗan aji.
Waɗanda za mu zauna benci guda
suna wasan ƙwallon tsumma
ranar da na fara saɓa bindiga.
Anini biyu a kafaɗa ba sa ɗaga jirgi.
Sai na koyi sunan kowane girgije,
in koyi auna iska, ni da na saba auna yashi da ƙafa.

Inna, can Bagalam, tana ɓarar gyaɗa,
ba ta ɗago kai ba.
Ta ce: kana ƙasa ma ban yi barci ba, Hambali,
yanzu ka ƙara mini da sama.
Can ta ce: in ka biyo ta kan unguwa,
kada ka firgita mini awaki.

Da yamma na ƙirga bindigogi, talatin da ɗaya,
na sa hannu, na miƙa makulli.
Gadon Tsahiru an ba wani yaro daga Tibiri
mai yin minshari.

Da asuba a tasha, mota na ɗumama,
sai ga Nomau yana ɗingisa ƙafar nan tasa.
Bai sara mini ba.
Ya tura mini ƙullin kilishi ta taga,
ya riƙe gilashin da hannu biyu
kamar zai hana motar tashi.
Ya ce: ran da ka ji muryata a rediyo,
kada ka ce mini in jira.

Har muka tsallake Gulbi ban kwance ƙullin ba.
Wani balbela ya tashi daga fadama,
na kama kaina ina duba
yadda yake karkata fiffike in zai juya.