Huhun Ƙarfe

Da hantsi na buɗe akori-kurar ƙanena Jibo
a garejin Usta Mirgani, bayan tashar jirgin Abu Hamad.
Nan boksi suke ce mata, ni sunan gida na riƙe.
Ga kwali a gefe, an farke masa baki,
ciki injin hura taya, nauyinsa kamar ɗan akuya.

Ina zan zaunar da kai?
Kusa da inji zafi zai dafa ka,
ƙarƙashin bodi yashi zai ci ka da rai.
Na zagaya sau uku ina awo da taƙi,
sai ga gurbi bayan kujera,
inda Jibo ke ajiye buta da busasshen dabino.
Na kwashe su. Buta ta yi haƙuri.

Huda huɗu, noti huɗu, roba ƙarƙashin kowanne,
kada gargada ta kwance abin da na ɗaure.
Jar waya mai kaurin ƙaramin yatsa
na jawo daga batir, na bi da ita lungu-lungu,
na yi mata riga duk inda ƙarfe ke da kaifi.
Fiyus dab da batir, taƙi ɗaya, ban ƙara ba.
Usta ya leƙo da kofin gahawa:
"Kai Bahaushe, mota kake gyara ko rago kake feɗewa?"
Ban amsa ba. Noti na bakina.

Shi bai san bara ba.
Bara Jibo ya rage wa tayoyinsa iska
don ya haye rairayin gabas da ramukan zinariya.
Ya haye lafiya, sai ga dutse, baƙi, mai haƙora.
Famfon ƙafa ya tsage a bugu na arba'in.
Taya mai laushi ba ta gaisawa da dutse,
biyu sun tafi kafin la'asar.
Kwana uku, mutum shida, jarka ɗaya da rabi,
har ruwan lagireto sai da suka tace da rawani.
Iska ko'ina, tana kaɗa musu riga,
tana cika musu ido,
ba mai iya damƙar tafi guda ya cusa cikin roba.
Ya dawo leɓe a farfashe yana dariya.
Inna a Gadarif har yau zazzaɓi ta ɗauka.

Na naɗe bakin tiyo da farin tef,
na ɗaga matata sama, nesa da abin da taya ke watsowa,
na kafe agogo inda idonsa zai faɗa.
Sai ruwan sabulu a gwangwani, gaɓa bayan gaɓa.
Ɗaya ta yi kumfa ƙanana, kamar mai raɗa.
Na kwance, na sake ɗaurewa.
Ta yi shiru.

Bismilla. Na danna.
Ya yi tari, ya yi gurnani, kujera ta ɗauki rawa,
allura ta ɗago kai.
Tayar da na sace wa iska tun safe
ta fara miƙewa, motar na binta,
baya kafin gaba, yadda raƙumi ke tashi.
Yaran gareji suka saka ihu:
"Yau ɗan iska ya samu sana'a!"

Jibo ya ce, "Nawa, Yaya?"
Na ce bar inji a kunne in kana hurawa,
in ya yi zafi ka bar shi ya huce, ba jaki ba ne.
Ga fiyus uku a gwangwanin kifi.
Ya shiga, ya gyara madubi, ya nemi butarsa.

Bai ga lokacin da na tura tsohon famfon ƙafa
ƙarƙashin kujera ba.
Daren jiya na sa masa sabuwar fata.
Na yarda da hannuna,
amma ba har can gabas ba.