Takalmina a Gefe

Na koyi ajiye takalmina can gefe,
bayan randar zauren Malam Barau,
ba cikin tulin silifa ba,
inda za ka duƙa kana tono, kowa na kallonka.

Sunan ɗan ƙanwata Talatu ne, a Gyallesu.
Na ci waina biyu, na yi barka,
na riƙe jaririn har ya yi hamma a hannuna.
Daga nan surutu ya fara niƙa mini kai
kamar injin markaɗe.

Ban ƙirƙiro uzuri ba, ƙarya nauyi gare ta.
Na jira aka kwashe da dariya kan labarin Sambo,
sai na raɗa wa maigida:
"Allah ya raya. Zan koma."
"Tun yanzu?"
"Tun ina da sauran fara'a."

Ya rako ni taku bakwai, na ce ya isa.

A Ƙofar Doka ban tsayar da keke ba.
Na taka da ƙafa, goro ɗaya a aljihu,
shiru yana dawo mini kaɗan-kaɗan
kamar ruwan famfo bayan kwana uku.